Gyaran layukan giraf a R: lambobi sun koma 2e+04, watanni sun ɓace, ƙ ta zama ɗigo

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce daga Daura, ina digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Na tattara farashin buhun gero na wata 24 a kasuwar Mai'adua, da yawan ruwan saman da aka samu kowane wata. Na zana giraf a R, amma lambobin gefen hagu suna fitowa 0e+00, 2e+04, har zuwa 1e+05, sunayen watanni kuma wasu sun fito wasu sun ɓace. Da wata ƙawata ta gwada mini da ggplot2 sai Afrilu ya zo farko, Yuni ya zo ƙarshe. Da na ajiye a PDF kuma ƙ da ɗ suka koma ɗige-ɗige. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da shi, ya kuma ce in sa ruwan sama a gefen dama na giraf ɗin. Don Allah ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah Ya sa ki kammala lafiya. In na fahimce ki, abu biyar kika kawo: lambobin da suka sauya kama, watannin da suka ɓace, watannin da suka bi jerin baƙaƙe maimakon jerin shekara, haruffa masu ƙugiya da suka ƙi fita, sai ma'auni na biyu da malaminki yake so a dama. Ukun farko tushensu ɗaya. R, manhajar lissafi da zana alƙaluma, ba ta san lambobinki naira ba ne, ba ta san Janairu ne kan gaba a shekara ba, ba ta kuma san wanda zai karanta giraf ɗin ba. In ba a gaya mata komai ba sai ta yi kintace, kuma an tsara kintacen nata ne domin mai bincike ya leƙa alƙalumansa da sauri a allon kwamfuta. Shafin kundin digiri yana bukatar fiye da haka. Don haka maganin shi ne ki hana ta zana layin ma'auni, wato na gefen giraf mai ɗauke da lambobi ko watanni, ki zana abinki da kanki. Na huɗu matsalar ajiye fayil ce, gyaransa layi ɗaya ne. Na biyar shi ne mai bukatar tunani, kuma a kansa ina da ra'ayin da zan so ki kai wa malaminki.

Yadda R take ɗaukar layi

Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara R a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, suka gina ta a kan tsarin wani harshe mai suna S da John Chambers da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Bell Labs tun 1976. Salon zanen da kike samu da umarnin plot daga can aka gado shi. Kamar rubutu da tawada ne a kan takarda: abin da kika sa ya zauna, za ki iya ƙara wani a kansa, amma ba ya goguwa. Shi ya sa in kika bar plot ta zana layin da ba ki so, sannan kika kira axis don ki gyara, sai ki ga rubutu biyu sun hau kan juna. Dole tun farko ki ce kada ta zana: xaxt = "n" na hana layin ƙasa, yaxt = "n" na hana na hagu, axes = FALSE kuma na hana duka har da akwatin da ke kewaye, wanda za ki iya dawo da shi da box().

Gefe huɗu ne, kowanne da lambarsa: 1 ƙasa, 2 hagu, 3 sama, 4 dama. Ki haddace wannan jeri, domin shi ake bi a axis, a mtext, da wajen ware filin gefe.

Kowane layi kuma abu uku ne a haɗe. Akwai 'yan gajerun alamomin da ke tsaye a kansa, akwai rubutun da ke jikin kowace alama, sannan akwai sunan layin gaba ɗaya. Abin da ɗalibai suka fi haɗawa a wuri guda shi ne wurin alama da rubutunta. A cikin axis, at shi ne inda alamar za ta tsaya bisa ainihin ma'aunin alƙalumanki, labels kuwa abin da za a rubuta a wurin, kuma ba dole su zama abu ɗaya ba. Alama na iya tsayawa a 20000 a rubuta mata "20,000", ko "20", ko "dubu 20". Sharaɗi ɗaya ne, yawan at ya yi daidai da yawan labels, in ba haka ba R za ta ƙi. Duk gyaran da ke tafe a kan wannan rarrabewar ya tsaya.

Lambobin gefen hagu

2e+04 ba kuskure ba ne, 20000 ce aka rubuta da salon masana kimiyya, wato 2 da sifili huɗu a bayanta. R tana auna tsawon rubutun ne ta ɗauki mafi gajarta. 20000 gurbi biyar take ci, 2e+04 ma biyar, in an yi kunnen doki kuma sai ta bar lambar yadda aka saba. Amma 100000 gurbi shida ce, 1e+05 kuwa biyar, sai salon kimiyya ya yi nasara, kuma da yake duk rubutun layi ɗaya salo ɗaya suke bi, sai ya ja sauran. Wannan ne dalilin da ya sa wani abokin karatunki da farashinsa ya tsaya a 80000 bai taɓa ganin matsalar ba, ke kuwa da layinki ya taɓa dubu ɗari kika gan ta.

Gajeriyar hanya ita ce ki rubuta options(scipen = 999) a saman fayil ɗinki. Zai kawar da e ɗin a ko'ina, amma zai bar miki 100000 babu waƙafi, mai karatu yana ƙirga sifili da ido. Ga yadda na fi so, inda rana ke nufin rukunin ranakunki, farashi kuma rukunin farashin:

```
par(mar = c(5, 6.5, 1.5, 1))
plot(rana, farashi, type = "b", pch = 19,
     xaxt = "n", yaxt = "n", xlab = "", ylab = "",
     ylim = c(0, 100000))
wurare <- seq(0, 100000, by = 20000)
axis(2, at = wurare, las = 1,
     labels = format(wurare, big.mark = ",",
                     scientific = FALSE, trim = TRUE))
title(ylab = "Farashin buhun gero, naira", line = 5)
```

las = 1 shi ke kwantar da lambobin yadda za a karanta su ba tare da an karkata kai ba. R in an bar ta, las = 0 take bi, rubutu ya bi tsawon layinsa, shi ya sa lambobin hagu ke fitowa a tsaye. las = 2 na sa rubutu ya yi gicciye da layin, las = 3 kuma ya tsaya a kowane gefe. Sai dai da zarar kin kwantar da "100,000" za ta ci fili, ta shiga cikin sunan layin. Nan ne mar ke shigowa. Filin gefen da R ta saba warewa shi ne 5.1 a ƙasa, 4.1 a hagu, 4.1 a sama, 2.1 a dama, ana auna shi da tsayin layin rubutu. Sunan layi a layi na 3 yake zama, lambobi a layi na 1. Shi ya sa na faɗaɗa hagu zuwa 6.5, na bar ylab babu komai a cikin plot, na zo na rubuta shi da title a layi na 5. Akwai mgp da ke matsar da waɗannan, amma in kika sa shi a par zai taɓa layin ƙasa da na hagu lokaci guda, ba kullum ake son haka ba.

In da ni ne ma, sai in rage sifilin baki ɗaya: labels = wurare / 1000, sunan layin ya zama "Farashin buhun gero, naira dubu". Lambobin su zama 0, 20, 40, har 100. Haka 'yan kasuwa suke faɗa da bakinsu, ba wanda zai ce miki naira dubu sittin da sifili uku, kuma filin da kika ceto ya koma wa zanen.

Bari in ɗan tsaya a kan sunan layin, domin a nan masu jarrabawa suka fi kama ɗalibai. "Farashi" kaɗai bai isa ba. Farashin me, a wane ma'auni, da wane kuɗi? Ke kin fi ni sanin cewa buhu ba abu ɗaya ba ne a kasuwannin hatsi, akwai mai tiya 40, akwai wanda aka cika ya yi toro, tiyar ma ta wani gari ba ta zama daidai da ta wani ba. In kin auna a sikeli, ki rubuta kilo. In ba ki auna ba, kada ki rubuta "kilo 100" don kin ga wasu na rubutawa, ki sa abin da masu sayarwa suka gaya miki, kamar "buhu mai tiya 40". Haka in kin cire tasirin hauhawar farashi daga alƙaluman, ki ambaci shekarar da kika mayar da kuɗin gare ta.

Na sa ylim ya fara daga sifili, amma a giraf na layi wannan zaɓi ne. In farashin bai taɓa sauka ƙasa da dubu 40 ba, kina iya farawa daga can don hawa da saukar su fito sosai, matuƙar lambobin suna bayyane. A giraf na sanduna kuwa babu zaɓi, tsawon sanda shi ne saƙon, in aka yanke gindinta sai bambancin kashi 10 cikin ɗari ya yi kama da ninki biyu. Za ki kuma lura sifilin bai zauna a kan layin ƙasa daram ba, akwai ɗan rata. R tana ƙara kashi 4 cikin ɗari a kowane ƙarshe don kada ɗigo ya manne da akwati. In kina son sifili ya taɓa ƙasa, ƙara yaxs = "i".

Watanni

Ɓacewar wasu sunaye ma da gangan ne. axis ba ta yarda rubutu ya hau kan rubutu, in ta ga na gaba zai taɓa na baya sai ta tsallake shi ba tare da ta yi gargaɗi ba. Sunayen watanni 24 a cike ba za su shiga faɗin shafi ba. Ko dai ki gajarta su zuwa baƙaƙe uku, ko ki rage girmansu da cex.axis, ko ki juya su da las = 2, ko ki bar alama a kowane wata amma rubutu a kowane wata na uku. Akwai gap.axis da za ki iya tilasta mata ta rubuta duka, sai dai abin da zai fito cunkoso ne.

Amma kafin ki kai nan, ki tabbatar R ta san cewa rukunin ranakunki ranaku ne. Rubuta class(rana). In ta ce "character" ko "factor", rubutu kawai take gani. Ki mayar da shi da as.Date, kuma ki faɗi tsarin da kika bi: as.Date(rana, format = "%d/%m/%Y"). Kada ki tsallake format ɗin nan. Mu nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, R kuwa shekara take sa ran gani a farko. In kika ba ta "01/02/2024" haka kawai, ba za ta yi ƙorafi ba, za ta karanta shi a matsayin 20 ga Fabrairu na shekara ta 1, giraf ɗinki ya tafi shekaru dubu biyu baya. In kuma kin ga lambobi irin 45292 a rukunin, Excel ce ta ba ki ƙidayar ranakunta, sai ki ce as.Date(rana, origin = "1899-12-30"), za ki ga 45292 ta koma 1 ga Janairu 2024. R ita ma ƙidaya take yi a ciki, tata daga 1 ga Janairu 1970 take farawa, shi ya sa wani lokaci za ki ga 19723 a layin ƙasa, ranar ɗaya ce.

Sunayen watannin da R ke bayarwa da "%b" suna bin harshen da aka saita kwamfutar a kai, a mafi yawan kwamfutocinmu kuwa Turanci ne. In kundinki da Turanci kike rubutawa, shi ke nan, axis.Date za ta wadatar. Tunda kin ambaci ƙ da ɗ, ina zaton akwai Hausa a zanen, wataƙila don nuna wa manoma ko 'yan kasuwar da kika yi hira da su. To ki rubuta sunayen da kanki:

```
watanni <- c("Jan", "Fab", "Mar", "Afr", "May", "Yun",
             "Yul", "Agu", "Sat", "Okt", "Nuw", "Dis")
lamba <- as.integer(format(rana, "%m"))
axis(1, at = rana, labels = watanni[lamba],
     las = 2, cex.axis = 0.8)
mtext(c("2023", "2024"), side = 1, line = 3.2,
      at = as.numeric(as.Date(c("2023-06-15", "2024-06-15"))))
```

Shekarun misali ne, ki sa naki. Kin ga alamomin a kan ainihin ranaku suke tsaye, rubutun ne kawai namu. Shekara kuma sau ɗaya aka rubuta ta a ƙarƙashin watanninta, maimakon a maimaita ta sau 12. Da wannan ba ki bukatar sunan layi a ƙasa, wanda ya ga Jan, Fab, Mar ya san watanni ne.

Amfanin ranaku na gaskiya yana fitowa ne in akwai watan da ba ki samu zuwa kasuwa ba. Da ranaku, gurbin watan zai kasance a buɗe. Da lambobi 1 zuwa 23 kuwa, Maris zai manne da Mayu kamar ba a yi Afrilu ba, gangaren layin ya nuna saurin da babu shi.

Abin da ya faru a ggplot2

ggplot2, wata ƙarin manhajar zana giraf a cikin R wadda Hadley Wickham ya fitar a 2007, wani salo take bi. A can ba a zana abu ɗaya bayan ɗaya, bayyana mata ake yi abin da ake so, ita ta zana duka a ƙarshe, ta kuma ware filin gefe da kanta. Ƙawarki ta ba ta sunayen watanni a matsayin rubutu, rubutu kuma jerin baƙaƙe yake bi: Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, har zuwa Yuli da Yuni. Gyaran da aka saba bayarwa shi ne factor(wata, levels = ...) tare da jera watannin daidai. Ga mai wata 12 wannan ya isa. Ke kam zai cuce ki, domin Janairu biyu gare ki, kuma za ta tara su a wuri ɗaya, ɗigo biyu a kan alama ɗaya. Ranaku za ki ba ta, gero a nan sunan teburin alƙalumanki ne:

```
ggplot(gero, aes(rana, farashi)) +
  geom_line() + geom_point() +
  scale_x_date(date_breaks = "2 months",
    labels = function(r) watanni[as.integer(format(r, "%m"))]) +
  scale_y_continuous(breaks = seq(0, 100000, 20000),
    labels = scales::label_comma()) +
  labs(x = NULL, y = "Farashin buhun gero, naira")
```

breaks a nan shi ne at na can, labels kuma sunansa bai sauya ba. Tarko ɗaya nake so ki kiyaye. In kika sa limits a cikin scale_y_continuous, duk alƙalamin da ya faɗa waje da iyakar zubar da shi ake yi kafin a yi lissafi. Saƙon da ke cewa an cire wasu layuka, wanda ɗalibai ke wucewa ba su karanta ba, ma'anarsa ke nan. In akwai layin matsakaici ko akwatin rarrabuwa a zanen, sai a lissafa shi ba tare da watannin tsada ba, sanduna kuma in iyakar ba ta haɗa da sifili ba sai su ɓace ɗungurungum. In matso da ido kawai kike so, coord_cartesian(ylim = ...) ne abin amfani, shi ba ya taɓa alƙaluma.

Ki zaɓi salo ɗaya ki bi shi a duk kundin. par, axis da mtext ba su da tasiri a kan zanen ggplot2.

Ruwan sama a gefen dama

Ana iya yi. Bayan giraf na farko sai ki rubuta par(new = TRUE), ki sake kiran plot da alƙaluman ruwa tare da axes = FALSE da xlab, ylab babu komai, sannan axis(4, las = 1), sannan mtext("Ruwan sama, milimita", side = 4, line = 3.5). Ki tuna faɗaɗa lamba ta huɗu a mar tun farko, ki kuma ba zanen biyu xlim iri ɗaya, in ba haka ba Agustan ruwa ba zai tsaya a kan Agustan farashi ba.

Amma ni ba na ba da shawarar haka, ga dalilina. Naira da milimita babu abin da ya ɗaure su. Ke ce za ki zaɓi inda kowane ma'auni zai fara da inda zai ƙare, kuma da wannan zaɓin kaɗai za ki iya sa layukan biyu su haɗu a Yuli, ko su haɗu a Satumba, ko su yi tafiya tare kamar ɗaya na jan ɗaya. Mai karatu zai ga inda suka gitta ya ɗauka wani abu ya faru a wurin, alhali ylim ɗinki ne ya haifar da shi. A batunki abin ya fi haɗari, domin a ƙasar Daura ruwa ya fi yawa a Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma hatsi ya saba tsada, sabon gero kuma na shigowa ne da kaka bayan ruwa ya ja baya. Layukan za su hau tare su sauka tare, idon mai kallo ya ce ruwa ne ke sa tsada, alhali duka biyun kalandar noma suke bi. Tasirin damina a kan farashi sai bayan girbi yake bayyana. William Playfair, ɗan Sikotilan da ake danganta ƙirƙirar giraf na sanduna gare shi, ya taɓa haɗa farashin alkama da ladan ma'aikaci a Ingila daga 1565 zuwa 1821 a zane ɗaya, amma shi duka biyun kuɗi ne, da sule aka auna su.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne zane biyu, ɗaya a kan ɗaya, da layin watanni iri ɗaya. layout(matrix(1:2), heights = c(2, 1)) zai ba farashi kashi biyu na tsayin shafin, ruwa kashi ɗaya. Na sama ki bar shi da alamomi babu sunayen watanni, wato labels = FALSE, na ƙasa ya ɗauki sunayen. Ido zai sauko daga tsadar Agusta zuwa ruwan Agusta kai tsaye, kowanne da ma'auninsa.

Wajen zana ruwan, ki yi hattara da barplot. Sandunanta ba a kan 1, 2, 3 suke tsayawa ba, tsakiyarsu na kan 0.7, 1.9, 3.1, haka har ƙarshe, saboda ratar da take bari tsakaninsu. In kika zo da axis(1, at = 1:24), sunayen za su riƙa zamewa hagu, kafin ki kai ƙarshe sun bar sandunansu da nisa. Ki kama wuraren da ita kanta take mayarwa, tsakiya <- barplot(ruwa), ki ba at wannan. Ko ki huta da ita gaba ɗaya ki ce plot(rana, ruwa, type = "h", lwd = 8, lend = 1), wanda zai ba ki sanduna a kan ainihin ranakun, daidai da zanen sama. Kada kuma wani ya ce ki sa log = "y" don ƙananan watanni su fito. Watannin rani sifili ne, sifili kuwa ba ya da wuri a wannan ma'auni, R za ta watsar da su.

Akwai inda layin dama yake da amfani na gaske, wato in abu ɗaya ne ake faɗa da ma'auni biyu. In buhunki mai tiya 40 ne, axis(4, at = wurare, labels = wurare / 40, las = 1) zai nuna 0, 500, 1000, har 2500, abin da tiya ta kama a farashin buhu. Ga magidancin da tiya yake awo, wannan gefen ne zai fara dubawa, sai dai ki rubuta cewa lissafi ne daga buhu, domin mai awo a tiya yakan ɗora ribarsa. ggplot2 ma irin wannan kaɗai sec_axis ɗinta ta yarda da shi, dole layin dama ya zama lissafi daga na hagu, kamar sec_axis(~ . / 40).

Ki zana duka biyun, mai ma'auni biyu da mai hawa biyu, ki kai wa malaminki ki ce ga su ya duba. Shi ya san ƙa'idar sashenku da abin da masu jarrabawa suka saba karɓa, ni daga nesa nake magana, kuma fassarar alaƙar ruwa da farashi fanninku ne ku masana tattalin arzikin noma. In ya tsaya a kan na farko, ki yi masa, amma ki fara ma'aunin biyu daga sifili, ruwa ya zama sanduna masu haske, farashi ya zama layi mai duhu.

Ƙ, ɗ, ɓ da ajiye fayil

Umarnin pdf() tsoho ne, yana aiki da ƙaramin jerin haruffa da aka tanada don harsunan Turai, harafin da bai sani ba sai ya sa ɗigo a madadinsa. Alamar naira ma haka take yi masa. Ki koma cairo_pdf(), ki kuma ba shi nau'in rubutun da ke da haruffanmu, irin su DejaVu Sans, Noto Sans ko Charis SIL, dukkansu kyauta ake sauke su:

```
cairo_pdf("gero.pdf", width = 6.3, height = 4.5,
          family = "DejaVu Sans")
# par, plot, axis, title, mtext
dev.off()
```

A ggplot2 kuwa, ggsave("gero.pdf", device = cairo_pdf, width = 16, height = 11, units = "cm"), nau'in rubutun kuma a base_family na theme_bw() ko makamancinsa ake sa shi. In murabba'ai kika gani maimakon ɗigo, nau'in rubutun ne ba ya da harafin ko ba a girka shi a kwamfutar ba. In kina kan Windows da R ɗin da ta girmi 4.2.0, wadda ta fito a 2022, ki sabunta, domin daga ita ne R ta koma amfani da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffanmu, a Windows kai tsaye. Inda madannai suka ƙi ba ki harafin, lambarsa na aiki a cikin rubutu: "\u0199" ƙ ce, "\u0257" ɗ, "\u0253" ɓ, "\u20a6" kuma alamar naira. Sunan kasuwarki ma yana da nasa tarkon, ki riƙa rubuta "Mai'adua" tsakanin alamun zance masu biyu-biyu, in kika yi amfani da masu ɗaya-ɗaya R za ta ɗauka rubutun ya ƙare a Mai.

Faɗin inci 6.3 da na sa daidai yake da santimita 16, abin da ke saura a takardar A4 mai faɗin santimita 21 in an bar 2.5 kowane gefe. Ki zana a girman da za a buga. Yawan sunayen da axis ke tsallakewa ya dogara da girman fayil ɗin, don haka abin da kika gani a ƙaramar tagar RStudio, manhajar da ake rubuta R a cikinta, ba shi zai fito a takarda ba, kuma in kika ja hoton da linzami a Word don ya cika shafi, haruffan za su baje. Saƙon nan na "figure margins too large" ma yawanci tagar ce ta yi ƙanƙanta. par kuma bayan buɗe fayil ake kiran sa, domin kowane sabon fayil da saitin asali yake farawa. In Word ɗinki ba ya karɓar PDF, png("gero.png", width = 16, height = 11, units = "cm", res = 300, type = "cairo") zai ba ki hoto mai kaifi.

Ban sa main, wato taken saman zane, a ko'ina ba saboda a kundin digiri bayanin zane a ƙarƙashinsa ake rubutawa tare da lambarsa, a nan ne za ki ambaci kasuwar, watannin da inda alƙaluman ruwa suka fito. Ban ga fayil ɗinki ba, don haka sunayen rana, farashi, ruwa da gero nawa ne, ki musanya su da naki. In wani layi ya ƙi, ki turo mini abin da str(gero) ya nuna tare da saƙon kuskuren yadda yake. Kafin ki kai wa malamin, ki buga shafin guda ɗaya baƙi da fari a shagon da za ki buga kundin, ki duba ko ana bambance sandunan ruwa da layin farashi, ko kuma "Agu" da "Sat" suna karantuwa a girman 0.8.